Sifesa a Ƙafar Mota: Abin da Take Bayarwa da Abin da Take Karɓa

Duk mai lura da motoci a titunan Kano, Kaduna ko Abuja zai ga wasu da tayoyinsu suka leƙo waje, suka yi daidai da bakin fenda, wasu ma har suka zarce shi. A wasu motocin rim aka sauya. A wasu kuwa rim ɗin na asali ne, sai dai an cusa wani faifan ƙarfe tsakaninsa da hob, ya tura tayar waje. Wannan faifai shi kanikawa ke kira sifesa.

Ra'ayi ya rabu biyu a kanta. Masu sayarwa da masu son ado na cewa tana sa mota ta zauna daram a kwana, ta rage tangaɗi, ga kuma kwarjini. Tsofaffin kanikawa kuwa, da yawansu ko sunanta ba sa son ji. Suna cewa tana cin boris, tana gajiyar da kayan ƙafa, kuma ita ke sa taya ta fice ana tsakiyar gudu. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma in aka ɗora su a sikeli ba za su zo daidai ba. Ribar da sifesa ke kawowa wajen riƙon hanya ta tabbata, sai dai 'yar kaɗan ce, ana ma iya lissafa ta da biro da takarda. Abin da take karɓa a madadin haka ya fi yawa, kuma ba ya nuna kansa a ranar da aka ɗaura ta. Shi ya sa nake ganin sifesa magani ce ta takamaimiyar matsala da aka auna aka gano. Lafiyayyar mota ba ta bukatarta.

Iri-irinta

Galibi da alminiyon mai ƙarfi ake yin ta, irin wanda ake wa lamba 6061 ko 7075. Kaurinta na farawa daga milimita 3, ya kai 50, wani lokaci ma fiye. Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa.

Ta farko ita ce mai zurawa. Faifai ne mai ramuka, a zura shi a ƙusoshin hob, a ɗora rim a kansa, a ɗaure da notin da aka saba. Duk milimitar da ta ci, daga tsawon ƙusa ta ci ta.

Ta biyu tana da ɗaurin kanta, kuma ta fi kauri, yawanci daga milimita 20 zuwa sama. Ana ɗaure ta a hob da nata notin, sannan rim ya hau wasu ƙusoshi da aka dasa a jikinta. A mota mai ƙusa biyar, noti biyar sun koma goma ke nan a kowace ƙafa, biyar daga ciki kuma a ɓoye suke bayan rim.

Ta uku adafta ce, wadda bayan tura taya waje take kuma sauya tsarin ramuka, don rim ɗin wata mota ya hau wata. Ramukan Camry biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, na Mercedes biyar a kan 112, na Peugeot 406 huɗu a kan 108, na Hilux mai jan ƙafa huɗu kuwa shida a kan 139.7.

Akwai wani bambanci da ya fi waɗannan muhimmanci. A tsakiyar hob akwai ɗan leɓe da ya taso, wanda ramin tsakiyar rim ke zama a kansa cif-cif don tayar ta daidaita. Faɗinsa a Camry milimita 60.1 ne, a Honda Accord 64.1, a Peugeot 65.1, a Mercedes 66.6. Sifesa ta ƙwarai ana feƙe ta daidai da wannan awo, kuma in ta yi kauri har ta shanye leɓen hob, sai a fitar mata da nata leɓen a ɗaya fuskar. Wadda ake cewa tana shiga kowace mota, mai faffaɗan ciki da dogayen ramuka, ba ta zauna daidai a kan ko ɗaya ba.

Lambar da ke bayan rim

Wanda ya kife rim ya goge ƙurar bayansa zai ga an buga wata lamba kamar ET45 ko ET38. Tana nuna nisan da ke tsakanin fuskar da ke manne da hob da tsakiyar faɗin rim, a milimita. Babbar lamba na nufin taya ta shige ciki, ƙarama na nufin ta fito waje. Nan ne mabuɗin zancen duka. Sifesa mai milimita 20 a bayan rim ET45 tana ajiye taya daidai inda rim ET25 mai faɗi ɗaya zai ajiye ta. Boris da sitiyari ba su san ko sifesa ce ko rim ne ya yi aikin ba. Inda tsakiyar taya ta tsaya kawai suka sani.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, mutumin da ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya sayo rim na hannu don ramukan sun dace kuma zanen ya yi masa, bai duba lambar ba, yana iya yi wa motarsa duk abin da sifesa ke yi alhali bai taɓa sayen sifesa ba. Na biyu, in sabon rim ɗin lambarsa ta fi ta asali girma har taya ta shige ciki tana gogar shokazoba, siririyar sifesa na iya mayar da ita mazaunin da kamfani ya tsara. A wannan hali gyara ta yi, ba ɓarna ba.

Ribar faɗi, da alƙaluma

Idan mota ta shiga kwana, wani kaso na nauyinta yana barin tayoyin ciki ya koma kan na waje. Taya kuma ba ta ninka riƙonta don an ninka mata nauyi, abin da ta waje ta samu bai kai abin da ta ciki ta rasa ba. Saboda haka duk abin da ya rage wannan ƙaurar nauyi yana ƙara wa mota riƙo. Abu biyu ke iko da ita: tsayin cibiyar nauyin mota daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. Hujjar masu sifesa ke nan, kuma hujja ce mai tushe.

Amma a sa mata lamba a gani. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,300, tazarar tayoyinta milimita 1,500, cibiyar nauyinta na milimita 550 daga ƙasa. In ta sha kwana da ƙarfin da ke tura ta waje ya kai rabin nauyinta, kimanin kilo 238 ne zai koma kan tayoyin waje. A sa mata sifesa mai milimita 20 a kowane gefe, tazara ta zama 1,540, sai nauyin da ke ƙaura ya sauko zuwa kilo 232. Ribar kilo 6 ce, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. Direban tsere mai neman ɗan guntun daƙiƙa zai iya amfana da ita. Mai kai yara makaranta da zuwa kasuwa da wuya ya taɓa jin ta a hannunsa.

Haka lissafin yake a maganar kifewa. Tun 2001 hukumar NHTSA ta Amurka ke amfani da wani ma'auni mai sauƙi wajen kimanta haɗarin kifewar mota: a raba tazarar tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Motar misalinmu za ta samu 1.36, da sifesa ta koma 1.40. To, a cire sifesa a ɗora mata kayan kilo 100 a rufi, a tsayin mita ɗaya da rabi. Cibiyar nauyi za ta haura zuwa kusan milimita 618, lambar kuma ta faɗo zuwa 1.21. Buhu ɗaya a kan rufi ya kwashe kusan ninki huɗu na abin da sifesa ta kawo. Duk direban da ke tsoron kifewa, ya fara duba abin da ya ɗaure a saman motarsa kafin ya duba abin da zai cusa a ƙafarta.

Ko wannan 'yar ribar ma ba ta zuwa cikakkiya. A motar da kowace ƙafa ke motsi da kanta, tura taya waje na ba ta ƙarin rinjaye a kan sifirin da shokazoba, sai ƙafar ta ɗan yi laushi fiye da da. Sannan in aka faɗaɗa gaba kawai ko baya kawai, an taɓa daidaiton da ke tsakaninsu. Faɗaɗa gaba na sa mota ta fi saurin miƙa kai cikin kwana, faɗaɗa baya na sa ta fi son miƙewa. Masu tsere na wasa da wannan da gangan, suna gwadawa a fili suna aunawa. Kamfanonin mota kuma in za su faɗaɗa, ba faifai suke cusawa ba. Lokacin da Pontiac ta Amurka ta tura tayoyin motocinta waje da kusan inci 5 a 1959, tun daga zane aka tsara ƙafafun a kan sabon faɗin.

Abin da ke faruwa da sitiyari

A nan ne babban sauyin yake, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Tayar gaba na juyawa ne a kan wani layi da ido ba ya gani. A yawancin ƙananan motocin yau, layin na tasowa daga saman shokazoba, ya ratsa boljoyin na ƙasa, ya dira a kwalta. Ba lallai ya dira daidai tsakiyar tafin taya ba, wato inda roba ke taka ƙasa. Akwai 'yar rata tsakaninsu, ta milimita kaɗan, kuma injiniyoyi sun zaɓe ta da gangan.

Kowane bakanike ya san abin da ke faruwa in noti ya ƙi kwancewa aka zura wa sifana fayif: ƙarfin hannu bai ƙaru ba, amma abin da ke isa ga notin ya ninku. Wannan rata ita ce hannun sifanar da hanya ke murɗa sitiyari da ita. Duk ramin da taya ta daka, duk birkin da aka taka, ta nan yake bi ya iso hannun direba. Sifesa fayif ce a kan wannan sifana.

A motoci masu jan gaba da yawa, an tsara layin ya dira ta wajen tsakiyar tafin taya. Audi 80 ta 1972 na cikin motocin da suka shahar da wannan tsari, tare da birki mai layi biyu a gicciye, inda gaban hagu ke haɗe da bayan dama, gaban dama da bayan hagu. Amfaninsa na fitowa ne a ranar tsanani. Ga direba a siririyar hanya, tirela ta taho ta cinye masa rabin hannu. Ya kauce, tayoyin dama suka sauka a rairayin gefen titi, na hagu suna kan kwalta, ya taka birki da ƙarfi. Tayar hagu ta kama, ta dama na sulɓewa, don haka motar za ta so karkata hagu, wajen tirelar. A tsarin kamfani, ƙarfin birkin da kansa zai ɗan murɗa tayar hagu zuwa dama, ya rage wannan fizgar tun kafin direba ya motsa hannu. Yanzu a ce ratar milimita 10 ce ta waje, aka sa sifesa mai 25. Tsakiyar taya ta tsallake layin, ratar ta koma 15 ta ɗaya gefen. Ƙarfin da a da yake taimakon direba yanzu yana murɗa sitiyari wajen tirelar. Haka zai faru in tayar gaba ta fashe ana gudu, ko layin birki ɗaya ya zubar da mai.

A tuƙin yau da kullum alamun na zuwa a hankali. Sitiyari ya fi dukan hannu a ramuka, mota ta riƙa bin kwarin da manyan motoci suka yi wa kwalta, mai jan gaba ta riƙa fizga gefe in aka ba ta wuta. Wasu na jin nauyin da sitiyari ya ƙara sai su ɗauka mota ce ta ƙara kama hanya. Ba haka ba ne. Kuma injin alaimen ba ya gyara wannan, domin shi fuskantar taya da jinginarta yake daidaitawa, ba mazauninta ba.

Sai kuma gogayya. Tayar da aka tura waje na yin faffaɗan zagaye in aka murɗa sitiyari, tana iya taɓa fenda ko robar da ke cikinsa. A gareji, mota ba kaya, komai lafiya. Ranar da aka cika ta da mutane aka faɗa rami, bakin fenda ya sauko ya yanki gefen taya, inda robar ta fi rauni. Da damina kuma tayar da ta leƙo waje na watsa laka da tsakuwa a jikin motar da gilashin na baya.

Boris da kayan ƙafa

An tsara boris ɗin ƙafa ne yadda nauyin mota zai sauka kusa da tsakiyarsa. In taya ta matsa waje, nauyin na zuwa a karkace, ya danne layi ɗaya na ƙwallayen fiye da ɗayan. Ƙa'idar da injiniyoyi ke lissafa rayuwar boris mai ƙwallaye da ita, wadda ke cikin ma'aunin ISO 281, ba ta da sassauci: in nauyi ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, kusan rubu'in rayuwarsa ya tafi, in ya ƙaru da kashi 26, rabi ya tafi. Wannan a shimfiɗaɗɗiyar hanya ke nan da lodi daidai ƙa'ida. A haɗa da gargada, da ramuka, da ƙura, da lodin da ya wuce kima, sai a gane dalilin da ya sa bakanike ke ganin mai sifesa yana dawowa da kukan ƙafa. Boljoyin, tayarod da bushin su ma suna karɓar rabonsu. Milimita 5 ba za ta yi wani tasiri da za a lura da shi ba. Milimita 30 ko 50 a motar da ke aiki kullum wani zance ne daban.

Ɗauri, inda rai ke salwanta

Duk abin da aka ambata a sama lalacewa ce mai zuwa sannu. Wadda ke zuwa farat ɗaya daga ɗauri take. Mutane da yawa na zaton ƙusoshi ne ke ɗauke da mota. A gaskiya aikinsu shi ne su matse rim da hob da ƙarfi sosai, har fuskokin biyu su kasa zamewa. Muddin matsin nan na nan, ƙusa na lafiya. Da zarar ya sassauta, rim ya fara motsi, ƙusoshi su fara lanƙwasa a kowane juyi, har su karye ɗaya bayan ɗaya. Sifesa na ƙara fuska ta biyu da za ta iya zamewa, don haka kuskure kaɗan ya isa.

Kuskure na farko ƙarancin haƙori ne. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce noti ya kama ƙusa aƙalla gwargwadon kaurinta. Ƙusar yawancin motocin Toyota da Honda kaurinta milimita 12 ne, kowane juyi kuma na tafiyar milimita ɗaya da rabi, wato ana son juyi 8. Sifesa mai milimita 5 ta cinye juyi uku da ɗoriya, mai 10 ta cinye kusan bakwai. Gwajin ba ya bukatar na'ura. A ɗora rim, a kama noti da yatsu, a murɗa ana ƙirgawa har ya tsaya. In ya tsaya a juyi huɗu, komai ƙarfin da aka sa masa da sifana, haƙora huɗu ne ke riƙe da taya. Maganinsa a sauya ƙusoshi da dogaye masu inganci, irin masu lamba 10.9.

Na biyu ya shafi mai ɗaurin kanta. In ƙusoshin hob sun fi kaurinta tsawo, kawunansu za su leƙo ta fuskarta. Wasu rim na alminiyon suna da kwarmi a baya da zai haɗiye su, rim na ƙarfe kuwa galibi ba shi da. In babu kwarmin, rim zai zauna a kan kawunan ƙusoshi, noti ya yi tauri kamar ya ɗauru, alhali fuskokin ba su haɗu ba.

Na uku datti ne. Tsatsa, yashi ko busasshen fenti a fuskar hob na murƙushewa bayan 'yar tafiya, sai matsi ya ragu. Dole a kankare fuskar tas da buroshin ƙarfe, kuma kada a shafa giris a haƙora.

Na huɗu ƙarfin ɗauri. Kowace mota da awonta a littafinta. Na Corolla da Camry nitin-mita 103 ne. Al'adar hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle na miƙar da ƙusa har ta rasa ƙarfinta, kuma tana iya murƙushe mazaunin noti a alminiyon. Sifana mai awo ake so, a ɗaure a gicciye, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. A mai ɗaurin kanta wannan na nufin a sauke taya a duba notin ciki, abin da mai faci a bakin titi ba zai yi ba sai an ce masa.

Masu Peugeot, Volkswagen da Mercedes suna da nasu tarkon. Motocinsu ba noti suke amfani da shi ba, ƙusa ce mai kai da ke shiga cikin hob. Sifesa na bukatar dogayen ƙusoshi. Ranar da taya ta yi faci aka ɗora sifeya ba tare da sifesa ba, doguwar ƙusar na iya zarcewa ciki ta daki kayan birki. Dole gajerun su kasance a but. Haka kuma siffar mazaunin noti ta bambanta, akwai mai tsini, akwai mai zagaye, akwai shafaffe mai washa, kuma kowane rim da irin nasa.

Jera washa a kan ƙusoshi a madadin sifesa, ko zuba ta daga narkakken tarkacen alminiyon, wannan bai kamata a ko fara ba. Araha ba ta ado, a nan kuma rai ake sakawa a ciniki. Wanda ya ji girgiza a sitiyari da ba ta tafi da balansin ba, ko ƙwas-ƙwas daga ƙafa in ana tafiya a hankali, ko ya ga baƙin gari ko jan tsatsa na zubowa daga gindin noti, ya tsaya nan take.

Inda take da hujja

Adalci ne a faɗi inda sifesa ke aiki na gaskiya. Wanda ya sa manyan birki har kalifa na taɓa rim, milimita 3 ko 5 na raba su. Wanda rim ɗinsa ya shige ciki fiye da na asali, ita ke mayar da shi. Mai motar daji da ya sa faffaɗar taya tana gogar kayan ƙafa yana da dalili, ko da yake rim mai lambar da ta dace ya fi, domin ba ya ƙara mahaɗa. Kamfanin Porsche da kansa ya sayar da sifesa mai milimita 5 a matsayin zaɓi ga wasu motocin 911, bayan ya gwada ta a kan motar.

Misali mafi ban sha'awa shi ne Land Cruiser 70, motar da duk wanda ya san hanyoyin Agadas da Sahara ya sani. A 2007 Toyota ta faɗaɗa gabanta don injin V8 ya samu wuri, ta bar baya yadda yake, sai tazarar tayoyin gaba ta fi ta baya da milimita 95. A rairayi da taɓo tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba daidai, sai bayan motar ya riƙa lilo. Wannan matsala ce ta gaske, kuma an auna ta. Wasu masu motar a Ostireliya na magance ta da sifesa mai kauri a baya, amma gyaran da hukuma ke amincewa da shi a can shi ne wanda injiniya ya tsara ya sa hannu, kamar sauya gatarin baya da mai faɗi. Ko inda hujja ta fi ƙarfi ke nan, faifan shi ne mafita mai araha, ba mafi inganci ba.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗauke ta

A Ostireliya ƙa'idar gyaran motoci ta hana sifesa a kan titi sai in kamfanin motar ne ya sa ta tun asali. Jamus, inda kamfanoni irin su H&R da Eibach ke ƙera ta, ta bi wata hanyar: an yarda, amma sai da takardar gwaji da ta ambaci irin motar, sau da yawa kuma sai masu bincike irin su TÜV ko DEKRA sun duba an shigar da sauyin a takardun mota, sannan dole fenda ya rufe taya. Ɗaya ta hana, ɗaya ta gindaya sharuɗɗa, amma sun haɗu a kan abu guda: sun ɗauki sifesa a matsayin sauyi ga tsarin lafiyar mota, ba kayan ƙawa irin su sitika da labule ba.

Abin da ya dace mai mota ya yi

Kafin a sayi sifesa, a amsa tambaya ɗaya: wace matsala za ta magance, kuma milimita nawa ce matsalar? In akwai amsa, a sayi mafi sirantar da za ta wadatar, wadda aka feƙe don wannan motar, a sa kauri ɗaya hagu da dama, a ƙirga juyin noti, a ɗaure da awo, a sake dubawa, a kuma gaya wa duk wanda zai taɓa tayar cewa akwai noti a ɓoye.

In kuwa amsar ita ce ana son mota ta fi kama hanya, kuɗin na da wuraren da suka fi cancanta. Taya mai rai, wadda aka duba lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Iska daidai da abin da aka rubuta a bakin ƙofar direba. Shokazoba da ba ta zubar da mai ba, bushin da boljoyin da ba sa wasa, alaimen na gaskiya, da lodi da bai wuce kima ba. Kowanne daga cikinsu ya fi kilo 6 ɗin nan tasiri nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ke karɓar wani abu a madadinsa.

Ga motar haya da duk motar da ke ɗaukar iyali a dogon zango, shawarata a bar tayoyi inda kamfani ya ajiye su. Garin neman ƙiba ake samo rama. Mai mota shi ya zaɓi adon, amma fasinjan da ke baya da mai babur da ke tahowa ta ɗaya hannun ba a shawarce su ba, alhali in taya ta fice su ma a kansu za ta ƙare.